Tayoyi Huɗu da Ƙafar Kaka Martina

Onkul Gregory ya zo da motar ne a daminar da fetur ya yi wuya, lokacin da kowa ke tafiya a ƙasa, don haka kowa ya samu damar kallonta da kyau. Baƙa ce, doguwa, mai ƙofa a baya, daga Jamus. Ya ce ba irin motocin da muka sani ba ce, waɗanda ƙafa biyu ke aiki biyu suna bin su kamar 'yan rakiya. Ita duka huɗun ke ja. Fowil, in ji shi. Ya ce akwai ƙarfin doki fiye da ɗari biyu a cikin injin. Da ya buɗe bonet na leƙa, ban ga ko wutsiya ba, amma na yi shiru don ƙanin mamana ne.

Ni ce Yemima. Mamana Hellen ta rasu ina ƙarama, Kaka Martina ce ta riƙe ni a Kagoro, a gindin dutse. Da ƙafarta ta fara ciwo na bar makaranta na riƙe ta. Tun daga nan karatuna sai jaridar da aka naɗe ƙosai da ita, da rediyo, da duk takardar da iska ta kawo. Littafin motar Onkul ma na karanta shi. Da Jamusanci yake, amma hotunan ba su da yare.

Ranar da ya kawo motar gida, ya tara mu a tsakar gida ya yi mana lacca. Ya ja wandonsa sama, ya tsuguna, ya sa tafin hannunsa a ƙasa kusa da taya.

"Kun ga nan? Abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai wuce tafin hannu ba. Tafin hannu huɗu, su ke riƙe da motar nan gaba ɗaya, da ni, da ku. In roba ba ta kama ƙasa ba, ƙarfin inji banza ne. Ku dubi faɗin tayar. Ku dubi haƙoranta, nan ruwa ke bi ya fita. In ƙafa ɗaya ta yi santsi, akwai wani abu a ƙarƙashi da zai ɗauke ƙarfin ya ba sauran. Sayans ke nan."

Matarsa, Anti Scholastica, ta gyaɗa kai kamar da ita aka ƙera.

Kaka tana zaune a kujerarta 'yar tsugunno tana ɓare gwaza. Ta tashi da kyar, ta ja ƙafarta mai ciwon, ta zo ta tsaya gaban motar. Kaka ba ta taɓa sa takalmi ba a rayuwarta, ko coci haka take zuwa. Ƙafarta faffaɗa ce, yatsun a buɗe kowanne da hanyarsa, tafin ya yi kauri kamar bayan kunkuru. Da wannan ƙafar ta hau dutse da tulu a kai tun kafin a haifi kwalta a ƙasarmu. Ta ɗaga babban yatsanta ta danna tayar gaba, kamar yadda ake danna kabewa a kasuwa.

"Motan nan," ta ce, da Hausarta ta 'yan dutse, "zai hau sama?"

"Mama, babu inda ba za ta hau ba."

"Ko da ruwa?"

"Ko da ruwa, ko da ƙanƙara."

"To, da kyau," in ji Kaka. Ta koma ga gwazarta.

Saman da take nufi shi ne tsohon gidanmu a kafaɗar dutse. Mutane sun sauko tuntuni saboda makaranta da kasuwa, saura 'yan tsofaffi irin su Baba Kumai, ƙanin kakana, da ya ce shi ba ya da abin saya. Can aka binne kakana, can aka binne mamana. Babu hanyar mota. Akwai wata jar hanya da ke rabuwa da kwalta, tana tafiya kaɗan ta zama ta shanu, ta ƙara kaɗan ta zama ta awaki, daga nan sai falalen dutse.

Cikin watan Agusta Kaka ta kwanta a asibiti a Kafanchan. Ranar da ta rasu, da rana tsaka, ta kama wuyan hannuna. Ban san akwai sauran ƙarfi haka a jikinta ba.

"Wurin Hellen," ta ce. "Kin ji? Kuma kada ki yi mini ƙarya a hanya."

Shaidar yatsunta ta kwana biyu a hannuna.

Maganar hanya kuwa, ga yadda take. A wurinmu ba a ɗaukar gawa a yi shiru. Wanda ya yi jinyar mutum shi ke zama kusa da akwatin, yana gaya masa hanya. In an fito, a ce mun fito. In an zo rafi, a ce ga rafi, za mu haye. In an zo mararraba, a ce hannun kaza za mu bi. Don kada a kai jiki wuri ɗaya, mai jikin ya tsaya a wani wuri yana neman hanya. Fastoci sun yi wa'azi a kai sun gaji. Su ma in nasu ya mutu, sai ka ga bakin wani yana motsi a bayan mota.

Na gaya wa Onkul abin da Kaka ta ce. Ya saurara har ƙarshe, irin sauraron da ake yi wa rediyo in ana sanarwar ɓatan akuya.

Shi yana da nasa shirin. Yana aikin fito da kaya a tashar jiragen ruwa a Legas, kuma ya gina bene a bakin kwalta, gaba kaɗan da mararrabar jar hanyar nan. A gaban benen ya sa an tona kabari, an shafe shi da siminti, an manna farin tayil ciki da waje. Kamar banɗakin otel, sai dai ba famfo.

"Abokaina za su zo daga Legas da Kaduna," ya ce. "In ce musu me? Su tuɓe kwat su hau dutse? Mamata ba za ta kwanta a daji ba. Zamani ya wuce nan."

"Ta ce wurin Hellen."

"Mara lafiya yana faɗin abubuwa da yawa."

Ya kuma saya mata fararen takalma masu tsini. Ni na gani da idona a mochari, ɗakin ajiye gawa, sai da mutum biyu suka taru kafin ƙafar ta shiga.

Motar asibiti ba ta da mai, don haka ranar biso Onkul ya kwantar da kujerun baya na motarsa aka zura akwatin. Na kawo ganyen mangwaro zan ɗaura a gaba, yadda ake yi don a san gawa ce, ya ce zai kankare masa fenti. Na shiga baya na takure a gefen akwatin, gwiwata a haɓata. Anti tana gaba da wata hula mai faɗi da sai da ta karkata kai kafin ta shiga. Sauran mutane duk suna can gidan bene suna jira, matan zumunta na coci da anko ɗinsu da tulunan kiɗa, fasto, kanofi, shinkafa.

Kafin ya tayar, Anti ta juyo.

"Yemima, in za ki yi wannan maganar taku, ki yi. Amma in mun zo mararraba, ki ce mata sama muka nufa. Ai ba gani take yi ba. Hankalinta ya kwanta, namu ya kwanta."

"Ni ban yarda da waɗannan abubuwan ba," in ji Onkul. Sai ya rage murya. "Amma ki yi yadda Antinki ta ce."

Na sa bakina kusa da katakon.

"Kaka, mun fito daga asibiti. Ki biyo mu."

An yi ruwa tun asuba, ya tsagaita amma bai ɗauke ba. Gaskiya zan faɗa, motar tana kama ƙasa. Mun haye layin dogo, na gaya wa Kaka. Mun zo inda ruwa ya kwashe kwalta ya bar taɓo, wata bas ta kafe a ciki, fasinja sun fito suna turawa, laka har kunne. Onkul ko rage gudu bai yi ba. Na ji motar ta ɗan yi tunani a ƙarƙashina, ƙafar nan ta saki, waccan ta karɓa, muka fita kamar an jawo mu da igiya. A kwana ba ta karkata, a gangare ba ta zamewa. Duk lokacin da muka wuce wata mota sai ya dubi Anti, ita kuma ta dubi hularta a madubi.

"Kaka, ga rafi. Za mu haye gada."

"Kaka, mun wuce gonakin citta."

Dutsen Kagoro yana gabanmu, hazo ya rufe kansa. Sai ga mararrabar. Jar hanyar ta rabu a hannun dama, ruwa yana gudu a tsakiyarta. Daga nesa ana jin kiɗan matan zumunta. Onkul ya dube ni ta madubi. Anti ta yi gyaran murya.

Wuyan hannuna ya ɗan yi mini zafi, daidai wurin.

"Kaka," na ce, "ga hanyar sama a hannun dama. Ba za mu bi ta ba. Onkul zai kai ki sabon gida. Ya yi miki kabari da tayil."

"Ke wace irin yarinya ce!" in ji Anti.

Onkul ya taka totur.

Injin ya ɗaga murya. Allurar gudu ta hau. Itacen da ke gefen tagata bai motsa ba.

Na daɗe ina kallon itacen nan kafin na gane. Ba tsayawa muka yi irin ta birki ba, ba wanda ya yi gaba ya dawo. Tafiyar ce kawai ta ƙare. Onkul ya sauya giya, ya sake takawa. Na leƙa ta taga. Tayar baya tana juyawa har haƙoranta sun ɓace, a kan kwalta mai kyau, ba rami, ba laka. Ba ta ƙara, ba ta hayaƙi, ba warin roba. Ko ruwan da ke ƙarƙashinta ba ta fantsala ba. Kamar an ɗaga motar a kan jak.

"Mai ne ya zube a titi," in ji Onkul.

Ya fita, ya shafa kwaltar da yatsa, ya shinshina. Ya zagaya. Ya ɗebo yashi da hannunsa mai zobe ya zuba gaban kowace taya. Ya ciro tabarmin ƙafa na roba ya cusa. Ya rage wa tayoyin iska, yana yi yana bayani, wai in taya ta yi laushi tafinta yana ƙara faɗi. Ban san wa yake yi wa bayanin ba. Ya shiga ya taka. Tayoyi huɗu suka juya a kan yashi da tabarmi, ko ƙwayar yashi ɗaya ba ta gusa ba.

Wata tsohuwar akori-kura ta zo ta wuce mu ta daidai wurin, tayoyinta sun siɗe kamar goshin jariri, ta tafi abinta.

A gefen hanya akwai Jibir da shanunsa. Bafillace ne, rugarsu tana bayan gonarmu, mamarsa Nene ta yi shekara da shekaru tana kawo wa Kaka nono tana karɓar gwaza. Yana tsaye da sanda a kafaɗa da malafa, yana kallo. Shanun sun daina cin ciyawa. Duka sun juyo da fuska wajen motar, ba wadda ke kaɗa wutsiya.

"Sannu Oga," ya ce. "Iya Martina ce a ciki?"

"Ita ce. Ka kira mini mutane su tura."

Jibir ya dubi tayoyin, ya dubi jar hanyar, ya dube ni ta gilashi. Ya cire malafarsa. Sannan ya je ya kira masu noman gefen hanya.

Suka zo da laka a ƙafa, suka jera hannu a bayan motar. Onkul ya shiga ya ce in ya ce tura, su tura. Ya ce tura. Ba su ma sa ƙarfi ba. Motar ta tafi, amma ba gaba ba. Gefe ta bi, a hankali, kamar kwano a kan jiƙaƙƙen siminti, hancinta yana juyawa dama. Onkul yana murza sitiyari hagu har ƙarshe. Mutanen suka janye hannu suka ja da baya, ita kuwa ba ta daina ba, sai da tayoyin gaba suka sauka a jar ƙasa.

Nan take ta kama. Na ji kamun a cikin haƙorana.

Ya sa ribas, tayoyi suka juya a banza. Ya sa giyar gaba, ta yi gaba da ƙarfi har hular Anti ta faɗo baya a kan akwatin. Ya sake gwada ribas. Banza.

"Ba komai," ya ce. Gumi yana bin wuyan rigarsa. "Zan ɗan yi gaba in samu fili in juyo."

Na ɗauke hular daga kan Kaka na miƙa wa Anti. Ba ta karɓa ba.

"Kaka," na ce, "mun shiga jar hanya."

Babu fili a hanyar nan, kowa ya sani, shi ma ya sani, a nan aka haife shi. Masara ce hagu da dama tana shafa gilashi. Muka wuce masara muka shiga taɓon da shanu suka kwaɓa, inda ko keke ba ya bi da damina. Ta ratsa shi. Muka fara hawa. Duwatsu suna buga ƙarƙashin motar, duk bugu sai Onkul ya runtse ido kamar shi aka buga.

Sai na lura da yadda muke tafiya. Ba gudu, ba irin jan da ta yi a kwalta ba. Gefen dama ya yi gaba ya kama, sai na hagu ya biyo a hankali, yana ɗan ja. Dama, sai hagu. Dama, sai hagu. Na san tafiyar nan. Shekaru na yi ina bin Kaka a baya da kwando.

Na leƙa tsakanin kujeru. Ƙafafun Onkul duka biyu suna kan tabarma, ba ya taka komai. Hannunsa yana kan sitiyari, amma riƙewa kawai yake yi, kamar yaro a bayan keke.

A gindin wata ɗorawa motar ta tsaya. Nan Kaka ke sauke kaya ta huta duk lokacin da za mu hau. Injin yana numfashi ƙasa-ƙasa. Kiɗan matan zumunta ya ɓace a ƙasa, sai ɗigar ruwa daga ganye a kan rufin. Anti ta kama hannun ƙofa ta ja, ƙofar ta buɗe lafiya lau. Ta dubi waje, ta dubi hazon da ke saukowa, ta rufe ƙofar da kanta, ta fara waƙar coci ba murya, leɓe kawai.

Da hutun ya isa, muka ci gaba.

Na buɗe baki zan ce ga ƙoramar da ake hayewa, sai na ga mun riga mun karkata ta inda duwatsun takawa suke. Daga nan na daina gaya mata hanya. Ba ni ce na san ta ba.

Sai falalen dutse. Shimfiɗe yake, a tsaye kusan kamar rufin ɗaki, ruwa yana silalowa a kansa, gansakuka ta yi masa kore. Da damina ko mu da ƙafa sai mun bi gefe muna kama ciyawa. Gefen hagu kuma rami ne, ba a ganin ƙarshensa sai kan itatuwa.

"Mama," in ji Onkul. Ba da ni yake ba. "Mama, a'a."

Hancin motar ya ɗaga sama har ba na ganin komai ta gilashin gaba sai farin hazo. Nauyina duka ya koma ƙofar baya. Na jira akwatin ya zamo ya danne ni, don ba a ɗaure shi da komai ba. Bai motsa ba. Na sa tafin hannuna a kan murfin. Ta cikin katakon ina jin wani abu kamar jijiya tana ɗaurewa tana saki, tana ɗaurewa tana saki, daidai da tafiyar. A ƙarƙashinmu kuma babu ƙarar roba. Wata ƙara ce mai laushi, ɗaya bayan ɗaya, irin wadda jiƙaƙƙen tafin ƙafa ke yi a kan dutse.

Ban cire hannuna ba. Ban ga dalili ba. Kakata ce.

A saman falalen motar ta tsaya, gindinta yana kallon gangare, injin ya mutu da kansa. Onkul ya ja birkin hannu har sai da ya yi ƙara, ya sa giya, ya zare makulli. Ga tsohon gidanmu nan, ɗakuna biyu da rumbu. Ga Baba Kumai zaune a kan tulin jar ƙasa, da fartanya a gefensa, da wasu tsofaffi uku na gidajen da suka rage. Kusa da kabarin mamana an tona rami.

"Kun daɗe," in ji Baba Kumai.

"Wa ya ce ka tona?" Muryar Onkul ta fito siririya.

"Wa zai ce? Martina ya mutu, na tona. Ina kuma za a kai shi?"

Tsofaffin suka sauke akwatin, suka ce ba nauyi. Aka ajiye a bakin ramin, Baba Kumai ya buɗe don a yi mata kallon ƙarshe. Tana kwance yadda aka shirya ta, farin leshi, farin safar hannu, fuskarta ba ruwanta da kowa. Fararen takalman suna gefenta, a jere, tsaf, an haɗa su kamar yadda ake ajiyewa a ƙofar ɗaki. Ƙafafunta a waje suke, yatsun a buɗe. Jar laka ce a tsakaninsu, ɗanya. A ƙarƙashin farcen babban yatsan akwai kore.

Anti ta zauna a ƙasa da leshinta.

Baba Kumai ya ciro takalman ya miƙa wa Onkul. "Riƙe kayanka."

Ba fasto, ba kanofi. Ɗaya daga cikin tsofaffin dattijon coci ne, ya yi addu'a da yarenmu. Na sunkuya na faɗi ta ƙarshe, wadda ake faɗa in an kai: "Kaka, kin iso. Ga Hellen a hannun damanki." Aka rufe. Ruwa ya ɗauke, rana ta ɗan leƙo ta yamma.

Sai maganar komawa. Onkul ya shiga motar, ta tashi da bugu ɗaya. Ya saki birki, ya sa giya don ya juya ta a filin gidan. Injin ya yi kuka, tayoyin ko juyawa ba su yi ba. Ya gwada gaba, ya gwada baya. Tsofaffin suka tura, muka tura, har Anti. Kamar muna tura dutsen kansa. Na tsuguna na duba. Robar ta lafe a kan falalen, ta baje, ta shiga kowane ɗan tsagi. Ko tsinke ba zai shiga tsakani ba.

Ya kashe ta, ya ja birkin hannu, ya fito. Ya daɗe yana tsaye da fararen takalma a hannu. Sannan ya matso kusa da ni, yadda Anti ba za ta ji ba.

"Yemi. Ki yi mata magana. Ta sakar mini mota."

"Onkul, aikina ya ƙare a bakin rami. Kai ne ɗanta."

Ya dubi tsofaffin. Suna kallon wani wuri, don kirki. Ya je gaban sabon kabarin, ya ja wandonsa sama kamar ranar lacca, ya durƙusa a laka. Ya yi magana da yarenmu, wanda tun da ya tafi Legas yake cewa ya manta. Bai manta ko kalma ɗaya ba. Ya ce ta yi haƙuri. Ya ce ya kawo ta. Ya ce, Mama, ki saki.

Ta saki.

Ba ƙara, ba komai. Motar ta fara tafiya da baya, a hankali, birkin hannu a ja, giya a ciki, tayoyi huɗu a tsaye cik ba mai juyawa. Faɗinsu yana nan, haƙoransu suna nan. Suka bi kan gansakukar suka bar layi huɗu masu sheƙi. Babu wanda ya bi ta. A tsakiyar falalen ta ɗan juya gefe, fitilunta suka dube mu, sannan ta wuce ta hannun ramin. Mun daɗe muna jiran ƙarar. Da ta zo, daga nesa ta zo, tsuntsaye suka tashi daga kan itatuwa suka koma.

Makullin yana hannun Onkul.

"Da ka bar shi ya riƙe," in ji Baba Kumai. Ya ɗauki fartanyarsa ya shiga gida.

Da ƙafa muka sauko, kafin duhu. Ni a gaba, Anti a tsakiya tana riƙe da zanena, Onkul a baya. A kan falalen takalminsa na Italiya ya zame, ya zauna da ƙarfi. Ya tashi, ya sake zamewa. Sai ya zauna ya kwance igiyar, ya cire su, ya cire safa. Ban taɓa ganin ƙafarsa ba sai ran nan. Faffaɗa ce. Da ya taka dutsen yatsun suka buɗe, kowanne da hanyarsa, suka kama. Bai ƙara zamewa ba har ƙasa.

A gidan bene shinkafa ta huce, abokan Legas sun fara duba agogo. A wurinmu ba a barin kabari a buɗe ya kwana ba kowa, sai a sa masa kututturen ayaba don kada ya kira wani. Haka aka yi. Matan zumunta suka yi waƙa tun da sun riga sun zo, aka saukar da ayabar a cikin farin tayil, Onkul ya ajiye fararen takalman a gefenta, a jere.

Daga baya na ji yana gaya wa wani abokinsa cewa motarsa ce ta farko da ta taɓa hawa dutsen nan, da damina, a kan jiƙaƙƙen falale. Abokin ya ce kai, injiniyoyin Jamus ba dama. Onkul ya ce ƙwarai. Yana faɗa yana kallon ƙafarsa.